Shafi na Arba'in

Yaya Daphi,

Gaisuwa daga Kolombo. Ya jikin Inna, ya ruwan Shillong? Ni lafiya lau, kada ki gaya mata komai. Otel ɗin da nake aiki sun ɗauke ni daga kaɗa piyano zuwa dakon jakunkunan baƙi, amma na ɗan lokaci ne.

Kin tuna littafin waƙoƙin Turawa na kiɗan rok ɗin nan da Bah Kyrshan mai kanti ya sayar mini, ya rantse ya gwada shi kaf a piyano? Ƙarya yake. Ran Asabar wani ango ya nemi waƙar shafi na arba'in. Na iso inda ya kamata gita ta yi kukanta ita kaɗai, ni kuwa ba mai gita tare da ni, sai ga rubutu: "Dakata na gaɓar kiɗa talatin da biyu." Na zauna hannu a cinya, mutum ɗari biyu suna kallona. Uwar amarya ta ce, "Ɗan nan, wuta aka ɗauke maka?"

Ki ce wa Bah Kyrshan ina gaishe shi. Da Kirsimeti zan zaunar da shi gaban piyanon cocinmu kafin jama'a su watse. Ni zan buɗe masa shafin, ni zan ƙirga masa gaɓa talatin da biyun, a hankali.

Allah ya bar mana ke.

Ƙaninki,
Wanshan