Fuskar Biskit Ta Yi Fari

Zuwa ga Corinne, sanyin idona, fitilar gidana, wadda zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ganyen da ya zuba a ƙofar gidanmu a wannan kaka. Ina fatan kina cin abinci, kina samun barci, Yaya Maxine kuma ba ta cika miki kunne da labarin maƙwabtanta ba. Ni dai ga ni nan. Shanu lafiya, tuffa ta yi kyau bana, amma gidan ya yi mini girma. Kullum da safe sai in dafa kofi na mutum biyu, in zubar da rabi.

Tun ranar da likita ya ce cutar ta bar jikinki nake tafiya kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na gaya wa fasto, na gaya wa mai kawo wasiƙu, har shanu sai da na gaya wa! Na wanke mota ciki da waje domin in zo Boston in ɗauko ki, sai ga saƙonki wai in dakata tukuna. Zuwa yaushe, masoyiyata? Ba ki faɗa ba. Idan na kira, murya kawai kike ba ni, ki kashe hoto. Lokacin da magani ya fara zubar miki da gashi kika hana ni zuwa, na haƙura, domin kin ce haka ya fi miki sauƙi. To yanzu da aka gama fa, me kuma muke jira?

Kada ki ji haushin Yaya Maxine, ni na matsa mata. Cewa ta yi, "Kai Alden, kai ma dai akwai wauta. Wa ya ce maka gudunka take yi? Gashin ne ya fito fari fat kamar na kakarmu. Likita ya ce ban da rini yanzu, ita kuwa ta rantse ba za ka gan ta haka ba." Na ajiye wayar na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Ashe abin da ya raba ni da matata ke nan!

Ba na raina damuwarki, ko kusa. Na san yadda kike ji da jan gashin nan, wanda idan kika tsaya a bakin gona da yamma sai ka ce itacen mapul mai jan ganye a kaka ne ya kama wuta. Ba zan yi miki ƙarya in ce ba shi na fara gani ba. Shi na fara gani, har na kusa jefa tarakta a rami. Amma zauna ki saurare ni, ina so in tuna miki da wata rana.

Kin tuna zuwanmu gonar tsohuwa Bernadette, mai kiwon karnukan golden retriever masu gashi ruwan zinariya, a ƙarshen sanyi, lokacin da hanya duk ta zama caɓi? Kin sayi sabuwar kujera mai ruwan madara a makon, kika ce ke fa kwikwiyo mafi fari kike so, domin idan ya zubar da gashi kada ya nuna a kan kujerar. Wa ya taɓa zaɓen kare saboda kujera in ba ke ba? Kika durƙusa a cikin ciyawa, 'yan kwikwiyo suna ta hawa jikinki, kika ɗago wani ɗan dunƙule fari sol kika ce shi ne. Bernadette ta karɓe shi, ta kama kunnensa ta nuna miki. Ta ce, "'Yata, ba jiki ake dubawa ba, kunne ake dubawa. Kin ga yadda nasa ya yi duhu? To haka duk jikinsa zai koma." Kika ce, "Haba Mama, wannan da ya fi madara fari?" Ta yi murmushi ta ce, "To, ma haɗu a kasuwa." Kika sa masa suna Biskit tun kafin mu kai mota.

Ba a daɗe ba gashin jarirtar ya fara kakkaɓewa. Wani layi mai duhu ya fara bi ta tsakiyar bayansa, kika ce datti ne, kika yi masa wanka har sau biyu a yini ɗaya. Layin ya bazu zuwa kafaɗu, ya gangara wutsiya. Ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ta ƙara duhu shekara bayan shekara, har ya tsaya a kan ja irin na tagulla. Kujerar kuwa, Allah ya ji ƙanta. Maƙwabcinmu Hollis ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Corinne, biskit ɗin nan naki fa ya daɗe a kan wuta, ya ƙone!" Kika jefe shi da tuffa. Kin yi ta mita wai an cuce ki, amma wa yake zama a baranda kowace yamma yana taje shi, yana yi masa waƙa? Idan kuka shiga gari tare, jan kai da jan kare, mutane har tsayawa suke yi su tambaya wane ne ya kwaikwayi wani.

Sai kuma farin ya zo, shi ma a hankali. Ya fara daga gefen baki, 'yan tsiraru, kamar ya tsoma hanci a gari. Daga baya ya zagaye idanunsa. Ni ne na kasa jurewa. Ranar da na lura da shi sosai na zauna a kan matakala raina a ɓace, ina cewa karenmu ya fara tafiyar da ba a dawowa. Kin tuna abin da kika yi? Kika riƙe fuskarsa da hannu biyu, kika sumbaci wurin farin, sannan kika harare ni. Kika ce, "Kai dai ka cika baƙin ciki da abin farin ciki. Ɗan'uwansa na gidan Hollis ya samu ya yi furfura ne? Ciwo ya ɗauke shi da jan gashinsa. Namu ya kai, ka bar shi ya yi kayansa."

Maganarki ce, Corinne, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ita nake dawo miki da ita yau. Watannin nan na yi su ina roƙon Allah abu ɗaya: ya bar mini ke ki tsufa a gabana. Ban ce masa ja ba, ban ce masa fari ba. Ya amsa mini, ya ba ni har da shaida a kanki, ke kuma ki ɗauki shaidar ki ɓoye a ƙarƙashin hula a gidan yayarki? Anya kin yi mini adalci kuwa, abar ƙaunata?

Ki zo ki ga Biskit yanzu. Tun tafiyarki farin ya gama cinye fuskar, daga hanci har goshi, jikin kuma yana nan ja. Kyansa bai taɓa kai haka ba. Yara a bakin coci rububin taɓa shi suke yi. Likitar dabbobi ta ce zuciyarsa garau, ƙafafun baya ne kawai suka fara nauyi, sai na ɗan tallafa masa yake hawa mota. Har yanzu yana faɗawa kududdufi ya fito ya girgije a jikina. Amma da yamma ba ya yarda in taje shi. Sai ya ɗauki burushin a baki ya kai ƙofa ya kwanta. Ba don in tsorata ki nake faɗa ba. Ni zan iya jiran rini, ko shekara ce. Shi ne ban san ko yana da shekarar da zai ba da aro ba.

Ya ke ruwan sanyina a ranar zafi, me kike tsammanin zan gani idan na gan ki? Dusar ƙanƙara ta farko, wadda ke sauka a kan gona bayan an gama aikin shekara, kowa ya fito ƙofa yana kallo! Idan kin so ki rina shi daga baya, ni zan riƙe miki madubi. Idan kin so ki bar shi, zan yi ta yawo da ke a gari ina taƙama har Hollis ya gaji da ni. Hannun da ke neman nawa a cikin barci nake kewa, da faɗan da kike yi mini idan na shigo da takalmin gona, da dariyar nan taki da ke tsorata kaji.

Saboda haka ga abin da na yanke, kuma Hollis ya yarda zai kula da shanu. Ranar Asabar zan taso da safe, Biskit a kujerar gaba. Idan mun iso ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan danna oda ba. Zan sauke shi kawai a bakin hanya, shi ya san yadda zai neme ki. Bai taɓa sanin ki da launin gashi ba. Ki buɗe masa ƙofa, shi kaɗai. Ni zan zauna a mota, ko zuwa yaushe ne, ba zan ko leƙo ba.

Amma idan ya shiga kika manta ba ki rufe ƙofar ba, to ki sani ina ganin ta daga inda nake.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da ba sauran baƙi ko ɗaya a kaina,

Alden