Tiyar Uwata da Kuka Daka da Taɓarya

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin shirya finafinan da ya yi aiki a rumfata,
Unguwar Zariya, Maraɗi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ina yi maka barka da arziki, don fim ɗinku ya karɓu. Ɗan kabu-kabu yana kallonsa a waya, mai shayi yana kallonsa, har ƴan'uwanmu da ke ƙetaren iyaka sun kira sun ce ya iso musu. Ba zan kama sunansa ba, kowa ya san shi, kuma ba ni zan ƙara yi muku talla ba.

Ni ce Ramatu ma'auniya, mai rumfa a layin ƴan hatsi. Sau huɗu ina zuwa buronka, wato ofishinka. Ran farko aka ce ka yi tafiya, na biyu aka ce kana taro, na uku aka ba ni kujera na zauna tun hantsi har aka kira azahar, na huɗu kuwa mai gadi ya ce an ce in bar saƙo. To ga saƙon. Na yi karatun yaƙi da jahilci, da hannuna na rubuta, kuma na kai inda kowa zai karanta, tunda a gaban kowa aka zubar mini da mutunci.

Ga wanda bai sani ba, tiya ita ce kwanon da muke awon hatsi da shi. Matan ƙauye su kawo mini, in auna in saya, mutanen gari su zo, in auna in sayar. Ma'auniya ba ta da jarin da ya wuce a yarda da tiyarta. Wannan yardar ce aikinku ya taɓa, ga kuma yadda aka yi.

Na ɗaya. Bayan kakar bara, ma'aikacinka Malam Sanusi, mai tara muku kayan da ake wasa da su, ya bi layinmu yana leƙe. Ya wuce sababbin tiyoyi masu ƙyalli ya tsaya a kan tawa, wai don ta tsufa za ta yi kyau a kyamara. Tiyar nan ta uwata ce. Da ita ta zo daga Tibiri, da ita ta ciyar da mu, a bakinta kuma akwai facin jan ƙarfe da wani maƙeri ya yi mata tun ina goye. Daga Tibiri har Jiratawa, duk wadda ta taɓa kawo hatsi layinmu ta san facin nan. Na tambayi Malam Sanusi labarin me za ku yi. Ya ce labarin wata baiwar Allah ce da mijinta ya rasu, tana riƙe da marayu da sana'ar awo. Na ce ai wannan labarin uwata ne, bismillah. Bai gaya mini cewa baiwar Allahn ɓarauniyar awo ce ba.

Na biyu. Ranar Litinin kuka zo, ranar da kasuwa ke ci, kuka tare mini rumfa da wayoyi da wani farin allo mai kashe ido. Ƴar wasanku kyakkyawa ce, ban hana ta ba, amma wallahi ba ta taɓa riƙe tiya ba. Ɗiban hatsi take yi kamar mai ɗiban ruwa a randa. Sau goma sha ɗaya ana maimaitawa, hatsi na zubewa ƙasa, kajin maƙwabta suna biki. Da mai ba da umurninku ya gaji, sai ya roƙe ni in sa rigarta a kan tawa, a ɗauki hannuna kawai ina awo. Ya ce fuska ba za ta fito ba. Gaskiya ne, fuska ba ta fito ba. Zoben azurfata ya fito, tabon ƙunar da ke babban yatsana ya fito, rumfata ta fito har da buhun da nake jingina da shi. Ni kuwa sakarya ina ta dariya, har fura na aika aka damo muku.

Na uku. Da kuka tashi, Malam Sanusi ya ce a ara musu tiyar kwana uku, za a ƙarasa aiki a Jiratawa. Zuciyata ba ta so ba, amma kunyar ido ta sa na bayar. Da aka dawo da ita ba na nan, na tafi suna. Maƙwabciyata aka bar wa, a ƙunshe cikin leda, tare da wata sabuwar tiya da jika biyar, wai tukwici. Ina kwancewa na ga gindinta ya yamutse, fentin ciki ya ɓare. Na kira Malam Sanusi, ya ce daga mota ta faɗo. Na kai ta wurin shugabar ma'auna muka gwada da tata, sai ga tiyar uwata ta rage da kusan cikin tafi guda. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce tsautsayi ne, na yafe, na naɗe ta a tsumma na sa ƙarƙashin gado, don ba zan auna wa bayin Allah da tiyar da ba ta cika ba. Na ci gaba da aiki da wata.

Daga nan na ga matan Jiratawa sun fara ja baya. Wadda ke sauke buhu a gabana tun kafin ta gaishe ni, yanzu ta gaishe ni ta wuce rumfar gaba. Na yi ta tunanin ko farashi ne, ko wata magana na faɗa. Babu wadda ta ce mini uffan, ka san halin mutanenmu.

Na huɗu, kuma nan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Da fim ya fito, yayana da ke Tibiri ya kira ni, bai ko amsa gaisuwata ba, ya tambaye ni me tiyar Inna take yi a hannun ɓarauniya. Ɗiyata ta buɗe mini a wayarta na kalla. Ga hannuna yana awo. Ga matan ƙauye an tara su a fili, ana ruwan sama. Ga wani ya ajiye tiyar a ƙasa, tana ta rawa ta ƙi zama, don gindinta ya bulluƙo waje, alamar an zurfafa ta domin ta ci hatsin talaka fiye da ƙa'ida. Kyamara kuma ta matso ta tsaya cak a kan facin jan ƙarfen. Matan nan da ke ihu suna nuna ta da yatsa, na san su ɗaya bayan ɗaya. Masu kawo mini hatsi ne.

Washegari na tare Malam Sanusi a bakin buronka, ban bar shi ya hau babur ba sai da ya faɗi gaskiya. Ya ce tiya ba ta faɗo daga mota ba. Mai ba da umurni ne ya ce dole kyamara ta ga ha'incin da ido, shi kuma ya zagaya bayan wani gida, ya ɗora ta a kan yashi, ya sa taɓarya ya daka cikinta har gindin ya fita. Da aka gama, ya sa guduma ya mayar. Har yana ce mini ai sun mayar da ita yadda take! Haba Alhaji, tiya ce ko hular kwano?

Ya kuma faɗa mini sauran, don da ya fara magana sai bakinsa ya ƙi rufuwa. Ruwan saman da mutane ke yabawa, injin ban ruwan lambu ne kuka ara, wani ya hau bishiya da tiyo yana fesawa a tsakiyar rani. Matan da kuka tara suka ga abin ya ba su dariya, duk lokacin da aka ce su yi fushi sai wata ta ƙyalƙyale, a sake. Rana tana yi, man inji yana ƙarewa. Shi ne mai ba da umurninku ya yi dabara: ya tsayar da aiki, ya ɗaga tiyar sama, ya ce musu wannan ba ta wasa ba ce, ta gaske ce, a kasuwar Maraɗi aka samo ta haka, da ita ake cin guminsu shekara da shekaru. Nan take dariya ta ɗauke. Wai ɗauka ɗaya aka yi, aka tafa masa. Wannan fushin da ƴan kallo ke cewa kamar gaske, ai gasken ne. Da sunana aka saye shi.

Ka duba kuma yadda abin ya haɗu. Sun ga tiyata a zurfafe da idonsu, sun dawo kasuwa sun tarar na ɓoye ta na ɗauko wata. Ko ni ce a matsayinsu me zan ce? Gani ya kori ji.

Na biyar. Mutanenka sun ce in yi haƙuri, wasa ne, kuma an rubuta a farkon fim cewa labarin ƙirƙira ne. Na sa ɗiyata ta nuna mini rubutun. Da Faransanci yake, ƙanana ƙanana, kafin ka ce bismillah ya wuce. Wace ce cikin masu kawo mini hatsi a kan amalanke za ta karanta wannan? Ƴar wasanku ta cire riga ta koma gidansu, ana yi mata kirari ta iya wasa. Ni ba ni da rigar da zan cire. Kullum da safe ina zaune a rumfar nan da hannun nan da zoben nan, ƴan kabu-kabu in sun wuce suna kirana da sunan matar cikin fim.

Wannan duk zan iya shanyewa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ya faru Juma'ar da ta wuce. Akwai wata tsohuwa a Jiratawa, Iya Dije, ƙawar uwata. Tun Inna na da rai take kawo mana hatsi, kuma ban taɓa ganin ta tsaya kallon awo ba. Sauke buhu take yi ta tafi sayen gishiri da daddawa, in ta dawo in ce mata tiya kaza ne, ta ce Allah ya amfana. Ita kaɗai ce ba ta daina zuwa ba, ni kuma da ita nake ƙarfafa zuciyata. Ranar nan ta zo, muka gaisa, ta zauna, ta daɗe tana gyara ɗaurin zane. Can ta sa hannu cikin jakarta ta fito da tiya. Ba ta iya kallon idona ba. Ta ce, "Ramatu, kada ki ji haushi, ƴaƴana ne suka ce in zo da tamu."

Na karɓa na auna mata da ita. Ta tsaya a kaina tana ƙirgawa a hankali, leɓenta na motsi. Na sake aunawa da tawa, awo ya fito daidai, ko ƙwaya bai bambanta ba, amma hakan bai sanyaya mini rai ba, don na san mako mai zuwa ma da ita za ta zo.

Saboda haka, Alhaji, ga abin da nake nema, kuma ba kuɗi ba ne. Jika biyar ɗinku da sabuwar tiyarku suna nan wurin maƙwabciyata yadda aka kawo su, a aiko a ɗauka.

1. Ka ɗauko mai ba da umurninka da Malam Sanusi, mu tafi Jiratawa, filin da kuka yi ruwan tiyo. A tara matan da kuka tara. Wanda ya ɗaga tiyata ya yi ƙarya ya sake ɗaga ta ya faɗi gaskiya, wanda ya daka ta ya faɗi da me ya daka ta. Zan zo da ita a tsummanta, shugabar ma'auna ma ta ce za ta zo ta ba da shaidar yadda ta san ta tun zamanin uwata.

2. A ɗauki wannan da kyamarar da ta ɗauki wancan, a sa shi a gaban fim ɗin da baki, da Hausa, a kuma tura shi wayoyin da kuka tura na farko.

3. Nan gaba in za ku ari kayan sana'ar mutum, ku gaya masa labarin tun daga kai har ƙafa. In kuna son tiyar ɓarauniya, ku sayi taku ku daka, kasuwa cike take da su.

Ina roƙon a yi wannan kafin sabon hatsi ya shigo kasuwa, don a lokacin ne kowace mace ke zaɓar rumfar da za ta sauke kayanta har shekara ta zagayo. In kaka ta wuce ban ji daga gare ka ba, zan kai ƙara gaban shugabannin kasuwa, in ya so su kira ka, wataƙila su za ka samu lokacin ganinsu.

Ban ce ka san duk abin da aka yi da sunan kamfaninka ba, amma yanzu ka sani. Tiyar uwata ba za ta sake awo ba, na haƙura da wannan. Abin da ban haƙura da shi ba guda ne: ina so Iya Dije ta bar tiyarta a gida, ta sauke buhunta ta tafi sayen gishirinta kamar da.

Allah ya ƙara maka buɗi na halal, ya kare maka mutuncinka da na ƴaƴanka daga bakin duniya. Ranar da za a auna ayyukanmu, ni da kai, Allah ya sa a auna mana da rahamarsa.

Wassalam.

Ramatu ma'auniya,
Layin ƴan hatsi, Maraɗi.