Takalmi Mai Sanda

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da keken ɗinkinki. Ki yi haƙuri da takardar, daga bayan wani littafi na yage ta.

Yaya, har yau ranar nan ba ta fita a raina ba. Ina layin famfo, 'yata Kurciya goye a bayana, na lulluɓe ƙafafunta da zani kamar kullum don kada a tsaya kallo. Sai ga farar motar 'yan mishan ta tsaya neman ruwa. Wata mata mai tabarau, wadda suke kira Sista, ta ce in kwance goyon. Ta riƙe ƙafafun nan biyu da suka lanƙwashe ciki tun haihuwa, ta juya su a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ta ce, "Wannan ai yana gyaruwa." Wallahi bokitina ma a layin na manta shi. A duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da magana mai daɗin wannan ba.

Kin san sauran. Mako shida, kowace Laraba motarsu ta kai mu asibitinsu, a cire filastar da aka ɗaure ƙafafun da ita a naɗa sabuwa. Kafin su fara sai sun yi addu'arsu, ni ma in yi tawa a zuci. Ranar da aka cire ta ƙarshe, ƙafafun 'yata sun miƙe sarai. Na yi kuka har Sista ta ba ni hankicinta.

Ga abin da ban faɗa miki ba. Sun ba mu wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe a tsakani, suka ce ta sa dare da rana har wata uku, daga nan sai lokacin barci kawai. Da Inna, mahaifiyar maigidana, ta gani, sai ta buga salati. "Mari za ku sa wa jikata? Mahaukaciya ce ko ɓarauniya?" Ta ɗauke su ta ɗora a kan durowa. Yau wata biyu ke nan. Jiya Kurciya ta dafa gado ta miƙe, sai na ga da gefen ƙafa ta taka. Ta hagun tana komawa, Yaya. Tun jiya ko loma ba ta wuce min ba.

Ga kuma takardar da Sista ta aiko, na haɗo miki. Me zan ce mata?

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki

*

Zuwa ga Maman Kurciya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Sau biyu motarmu ta tsaya a bakin famfo ba mu gan ku ba. Muna fata ba rashin lafiya ba ne. Yara suna girma da sauri, wataƙila takalmin ya matse ta. Ki zo da ita ranar Laraba, ki taho da takalmin, mu duba. Muna sa ku a addu'a.

Allah ya kiyaye ku.
Sista, daga asibitin mishan

*

Uwar littattafai,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, keken ma lafiya, allura ɗaya ya karya min wannan makon.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun da tabarau. Labarin ya tsaru, kin iya. Wuri ɗaya ne ya ƙi zama min. Innar da na sani, wadda ciwon kafaɗa ya hana ɗaura ɗankwali sai an ɗaura mata, ita ce ta miƙa hannu har kan durowa? Ko tsani ta sa? Ni na goya ki, yarinya. Tun kina rarrafe, idan kin fasa abu sai ki nuna kyanwa.

Inna ta yi maganar mari, wannan na yarda, bakinta ne. Amma ki faɗa min hannun wa ya kwance igiyar takalmin. In ba za ki faɗa min ba, ki faɗa wa matar nan. Ba a ɓoye wa mai wanka cibiya.

Ki ci abinci. Ki je ranar Laraba.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kin kama ni. Ni ce.

Kwana tara ta yi da takalmin. Tana kuka, tana buga sandar a jikin gado, maƙwabta suna leƙe. Ni kuwa in dubi ƙafafun in ga sun miƙe, in ce to me kuma ya rage? A littattafaina idan mutum ya warke, shi ke nan, sai shafin ƙarshe. Ba wanda yake rubuta wata ukun da ke biye. Har na fara hango ta da fararen safa tana gudu zuwa makaranta. Da Inna ta yi maganarta sai na samu madogara, na cire da hannuna.

Na je ranar Laraba, amma sai da na ƙara wata wautar. Na ga takalman sababbi fil, na ce Sista za ta gane. Sai na kai su bayan ɗaki na goga tafinsu a kan dutse, na shafa musu ƙasa, har na ji daɗin dabarata.

Ta karɓa, ta juya su, ta daɗe tana kallon tafin. Sannan ta cire tabarau.

"Maman Kurciya, ina ta je da su haka? Kasuwa?"

Na ce, "Tsakar gida dai."

Ta ce, "Da sanda a tsakani? Wannan takalmin ba a tafiya da shi. Wanda aka sa da gaske, tafinsa tas yake. Ciki ne yake baƙi da gumi, ramin igiyar kuma ya buɗe." Ta zura yatsa ciki, ta nuna min. Fari ƙal.

Na so ƙasa ta tsage. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Cewa ta yi ni ce uwa ta huɗu da ta goga takalmi a dutse, wai ɗaya har da toka ta haɗa. Mai taimaka mata ta yi dariya, ni kuwa hawaye.

Ga inda ake, Yaya. Sai an sake filasta daga farko, sannan likita ya ɗan yanka jijiyar dunduniyar hagu. Likitan sau uku kawai yake zuwa a shekara. Damina kuma ta kusa, in rafi ya cika motarsu ba ta ƙetarowa. Don haka sai dai mu tare a ɗakin iyaye mata da ke cikin asibitin, mako bakwai. In mun wuce wannan zuwan, ta ce ƙashin yana ƙara tauri, aikin zai zama babba, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba.

Na faɗa a gida. Inna ta ce zuwa da wuni daban, kwana daban. "Mako bakwai ƙarƙashin rufin da aka kafa gicciye? Ki dawo min da jika tana waƙar coci?" Na ce, "Inna, yarinyar da ko 'Baba' ba ta gama iyawa ba?" Ta ce daga nan ake farawa. Maigidana yana zaune yana gyaran fartanya. Na ce, "Baban Kurciya, kai me ka ce?" Ya ce, "Kin ji dai abin da Inna ta ce." Ya ci gaba da buga ƙota. Ban sani ba ko hani ne ko kunya.

Motar ƙarshe Laraba mai zuwa ce. Kullum da safe sai na duba ƙafar, kullum sai in ga kamar ta ƙara karkata. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas.

Ƙanwarki mai laifi

*

Ƙanwata,

Sallama. Dutse! Allah ya shirye ki. Na yi dariya, daga baya na kasa ɗinki.

Ki saurara. Kada ki tambayi mijinki a gaban uwarsa, ba namijin da zai amsa a nan. Ki bi shi gona. Ki ajiye masa yarinyar a kan kunya, ki ce ta taka ya gani da idonsa. Inna kuwa tsoro take ji, ba mugunta ba ce. Ki tambayi Sista a fili ko za a hana ki salla ko a tilasta miki shiga coci, ki kawo wa Inna amsar yadda take. Mutanen nan sun riƙe 'yarki mako shida ba su tambaye ki komai ba sai sunanta.

Na aiko da zannuwa biyu da 'yan riguna masu faɗin ƙasa, waɗanda za su shige kan filasta. Ba na aiko don in tura ki ba ne. Ƙafar 'yarki ce, auren kuma naki ne.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direban da zai kawo miki takardar yana jira.

Na bi shi gona. Kurciya ta taka sau biyu ta faɗi. Ya ɗauke ta, ya daɗe yana riƙe da ƙafar, sannan ya sa hannu a kan gwiwarsa a takardar yarda da aikin likita da Sista ta ba ni. Bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Na aika wa Sista tambayar, ta aiko cewa akwai tabarma da buta a ɗakin, kuma ba mai tilasta wa kowa. Na faɗa wa Inna. Tun shekaranjiya ba ta amsa gaisuwata.

Ban san abin da zan tarar ba in na dawo. An yi yayyafi da safen nan.

Gobe Laraba. Zan tafi da ita.

Ƙanwarki