A Mayar Mana da Labarin Kasuwa Lokacin Turara Shinkafa

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da muke saurare, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Sunana Hajiya Kulu, mai turara shinkafa a Argungu. Mu goma sha ɗaya ne muke aiki a tsakar gida ɗaya. Muna sayen shanshera daga manoman Augie, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu kai inji a cashe, sannan mu aika da ita Birnin Kebbi. Matan ne suka ce ni zan rubuta, wai don na fi su baki, kuma ni kaɗai na gama ajin yaƙi da jahilci ban gudu ba. Ƙorafi na kawo, amma da godiya zan fara, domin sai ka san daɗin da muka ji za ka gane abin da aka ɗauke mana.

Na ɗaya. Shirinku na labarin kasuwa ya buɗe mana kai. A da, in aka fara labarin dala da fetur, sai mu ce wannan zancen masu manyan riguna ne, mu murɗa zuwa waƙa. Sai ga wannan bawan Allah mai gabatar da shirin, wanda muka laƙaba wa suna Malam Sannu-Sannu saboda ba ya gaggawa. Shi ya fahimtar da mu cewa in fetur ya yi tsada, injin ban ruwa a fadama ya yi tsada, don haka shansherar rani ba za ta zo da sauƙi ba. Shi ya nuna mana hanyar da dala ke bi ta shiga buhun taki, daga nan ta faɗo cikin tukunyata. Ranar da ya ce saukar hauhawar farashi ba saukar kaya ba ce, mai babur ne ya rage gudu amma bai juyo ba, wallahi sai da Inna Hajo, babbarmu, ta ajiye muciya ta yi guɗa. Ta ce shekara da shekaru tana jin an ce abu ya sauka, ta je kasuwa ta tarar da shi a sama, har ta fara zargin kunnenta.

Na biyu. Shirin ya taɓa ƙwatar mu a hannun dillali, kuma har gobe in na tuna sai na yi dariya. Akwai wani dillali, Mamman Dogo, mutumin kirki ne in ba ciniki ake ba. Wata safiya ya yi sallama da fuskar ta'aziyya, ya ce shinkafar waje ta sauka a bakin teku, nan da kwana biyu tamu ba mai kallonta, gara mu sallama masa abin da muka cashe tun da sauran daraja. Bai san cewa minti kaɗan kafin zuwansa Malam Sannu-Sannu ya warware wannan labari ba. Malam ya ce kayan da ke bakin teku sai sun sha hanya da kuɗin mota kafin su iso mu, ga shi girbi bai zo ba, rumbuna sun yi ƙasa. Na bar Mamman ya gama, na ba shi kujera da ruwa, sannan na karanto masa darasin daga farko har ƙarshe. Ya daɗe yana kallon rediyon da ke rataye a reshen darbejiya, sannan ya ce, "Hajiya, wanga akwati naki ya ɓata muna kasuwa." Ba mu sayar ba sai bayan sati biyu, kuma muka sayar da daraja. Ranar har kifi muka saya muka yi miya, muka aika wa Mamman nasa kwanon.

Na uku, kuma nan ne ƙorafin. Tun bayan ƙaramar salla kun ɗauke shirin daga safe kun mai da shi tsakar rana. Na tabbata wanda ya yanke wannan shawara bai taɓa turara shinkafa ba, ba laifinsa ba ne. Bari in gaya maka yadda aikin yake. Daga idar da sallar asuba zuwa hantsi muna gaban tukwane, hannu na aiki, kunne ba ya komai. Wannan ne lokacin jin labari, mu yi gardama a kansa, mu yanke abin da za mu saya da abin da za mu riƙe kafin kasuwa ta ci. Tsakar rana kuwa muna wurin inji. Ranka ya daɗe, a wurin inji ko wadda ke kusa da kai sai da hannu take yi maka magana. Na gwada manna rediyon a kunne na ɗaure da ɗankwali, abin da na samu ciwon kai ne da dariyar mutane. Manoman da muke saye a wurinsu ma sun koka, lokacin suna cikin fadama, ruwa har gwiwa.

Na huɗu. Yanzu labari ya koma hannun masu kawo shi da baki, kowa kuma da irin wanda ya dace da aljihunsa. Mamman Dogo ya dawo da fara'arsa, har sabuwar hula ya saya. Ga shi muna da buhu arba'in na shanshera a ɗaki, wadda muka tara tun girbi da niyyar in ta yi daraja mu sayi ƙaramin injin casa namu na kanmu, mu huta da bin layi. Shekara uku muna wannan buri. Mamman ya ce mu sayar yanzu domin za ta faɗi. Wani direba da ke zuwa daga Ambursa ya ce mu riƙe domin za ta tashi. Ɗayansu yana da gaskiya, mu kuwa ba mu san ko wane ne ba, kuma hankalina bai kwanta ba. Ba cewa muke rediyo ya san gaibu ba. Dalilai muke so a shimfiɗa mana, mu auna da kanmu kamar yadda aka koya mana.

Saboda haka ga roƙonmu. A mayar da shirin bayan sallar asuba, yadda yake a da. In akwai masu ofis da tsakar rana ta fi musu, a maimaita musu, ba mu da baƙin ciki da kowa. A bar mana Malam Sannu-Sannu da sannu-sannunsa, kada a ce ya yi sauri. Kuma in ana faɗin farashi, a riƙa faɗa da buhu da kwano, domin da su muke awo.

In kana shakkar maganata, ka zo Argungu da sassafe ka ga mata goma sha ɗaya suna gardamar dala a cikin tururi. Tuwon shinkafa da miyar kifi na jiranka, kuma ba za mu bar ka ka tafi hannu sake ba. Amma ka hanzarta, domin huɗu daga cikinmu sun fara karkata ga sayarwa, ni kuma na roƙe su kada a buɗe ɗakin nan sai mun ji bayani da kunnenmu. Sun ba ni zuwa ranar kasuwa ta biyu daga yau.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya albarkaci zuri'arka, Ya ɗaukaka wannan gida naku, Ya sa ka gama aiki lafiya. Makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanena, rediyon kuma na sa masa sabon batir.

Wassalam.

Hajiya Kulu,
a madadin mata masu turara shinkafa, Argungu.