Lambun Hardi

Greensboro, 9 ga Nuwamba

Yaya Fuseina,

Assalamu alaikum. Ina fata wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da yara da mutanen Kumasi baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Mama sauƙin gwiwarta. Mu nan da godiya, 'yarmu Oumaima ta shiga aji tara.

Kin ce dangin mijina Hardi sun ga hotonsa da fartanya, ransu ya ɓaci, wai na sa marar lafiya noma. Yaya, ba su san yadda muke ba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana tuƙa babbar mota ya koma zaman kujera. In tafi aiki in bar shi gaban talabijin, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi, abinci ya huce a gabansa. Magani yana sha, amma sai ya yi kwana uku bai ce uffan ba.

Maƙwabcinmu Baba Josiah, wani dattijo mutumin Jos, shi ya fara kai shi ɗan lambun da ke bayan cocinsu. Da hannun hagu Hardi ya shuka kuɓewa da yakuwa. A can na ji ya haɗa magana cikakkiya karon farko, yana yi wa Baba faɗa wai ya cika wa shukar ruwa. Ranar na shiga mota na yi ta kuka. Ran lambu shi ke tashina, ya riga ya sa hularsa.

To, an sayar da filin. Baba Josiah kuma 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Texas. Na jera bokitan shuka a barandarmu, masu gidan suka ce in kwashe. Ga sanyi ya shigo. Jiya Oumaima ta tambayi babanta abin da za mu shuka baɗi, ya daɗe yana kallonta, bakinsa na motsi, kalmar ta ƙi fita. Sai ya juya fuskarsa bango.

Don Allah ki je da kanki ki yi wa mahaifiyarsa bayani. Ba wahalar da ɗanta na yi ba. Wata shidan nan da ya yi a lambun ne kaɗai na sake ganin mijina.

Ki gaida Mama, da Kawu Issaka, da Ayisha da maigidanta. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Ruqaya