Rabin Rawar da Kika Bar Mini

Zuwa ga mahaifiyata Halima, wadda iyayenta suka raɗa wa Halina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa jikarki Zainabu za ta yi aure bayan girbin gero. Abu guda ta roƙe ni: a yi rawar garinku ranar lalle. Na ce mata to, amma Inna, da baki kawai na amsa.

Har yau tsofaffin unguwa suna ba da labarin zuwanki Magariya daga Yukiren, lokacin da Baba ya gama karatun likita ya dawo da ke. Mata suna leƙe ta katanga su ga Baturiya da taɓarya. Daka kam, Allah Ya jiƙan ki, ba ki taɓa iyawa ba. Amma in kika riƙe ƙugu kika buga ƙafa, kowa sai ya bar abin da yake yi.

Ni da yaya Hadiza kika koya wa. Furannin ƙasarku babu, sai kika ɗaura mana furen soɓorodo a ka da ƙyallayen atamfa, kina kiɗa da ludayi a bayan ƙwarya. "Baya a miƙe, kamar kin ɗauko tulu!" Haka kike cewa da Hausarki mai karkata, mu yi ta dariya.

Rawar ta mutum biyu ce. Ni a hagu, Hadiza a dama, kowa da takunsa. Na taɓa neman mu yi musanya, kika ce a ƙauyenku mutum wurinsa yake riƙewa sai ya ƙware. Ba mu taɓa musanyar ba.

Bara Hadiza ta biyo ki, bayan gajeriyar jinya a garin Waca. Sai yanzu na gane rabi kawai na iya. Na duba a waya, na ga 'yan ƙasarku masu jajayen takalma suna ta tsalle, amma ba irin taku ba ce. Na kira ƙanwarki, lambarta ba ta shiga tun da yaƙi ya isa wajensu.

Jiya na fito da farar rigarki mai aikin jan zare a wuya, Zainabu ta sa. Na koya mata takun hagu ta ɗauka tsaf, wallahi ƙafarki ce da ita. Da muka zo inda ake juyi a miƙa hannu, ta miƙa nata, ta tsaya tana jira. Na rasa ta ina zan ɓullo mata. Duk shekarun nan ban taɓa duban ƙafar Hadiza ba, fuskarta nake kallo.

Na shige ɗaki na yi kuka. Kewarku ta ishe ni, Inna. Ranar lalle yarinyar nan za ta yi rabin da na iya, hannunta a miƙe ba mai kamawa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Hadiza a Aljanna.

'Yar autarki,
Mariyama