Saiwar Dawar Baba

Daren Laraba, bayan ruwan farko, Gubuchi.

Yau na kwance tsumman da na jiƙa irin dawar Baba a ciki, a gindin randa. Tun rasuwarsa ƙwari suka cinye rumbun, ba mu da wani irin.

Yawancinsu sun ruɓe. Kaɗan ne suka fashe, farar saiwa kamar zare ta leƙo. Malamin gona ya ce Turawa sun ba wannan saiwar farko sunanta daban, don da ita ake gane iri mai rai tun ganye bai fito ba.

Na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Duba, ɗan nan, duk ƙasa suka nufa, wajen mai su."